Sirdin Keken Surukina

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Wani lokaci sai in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Amma ranar da surukina ya zauna a kan tabarma cikin zauren gidanmu, wannan kam ko an kwantar da ni ana ɗiga mini ruwa a baki ba za ta fita daga raina ba. Zama ne kawai, irin wanda kowa ke yi, amma auren ɗiyata ne aka ɗora a kansa.

A shekarun da ake aikin dam na Bakolori ne. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Dakko, ƙasar Bakura. Gonakin fadama duk suna hannun masu aikin, manyan motoci na baje su, an ce a dakata da shuka sai an gama gyara. Maza suka rasa abin yi sai zaman gindin itacen bedi, suna kallon motocin da ke wucewa suna gardama a kan wadda ta fi girma. Wanda ya samu aikin lebura a kamfanin da ke aikin kuwa, ido ya dawo kansa. Surukina, mijin ɗiyata ta fari, yana cikin waɗanda suka samu. Mutum ne mai ladabi, shiru-shiru. Wayo dai Allah bai ba shi da yawa ba, amma ban taɓa jin ya ɗaga wa ɗiyata murya ba, ban kuma taɓa jin ta kwana da yunwa ba. Ya sayar da tumakinsa ya sayi keke, don wurin aikin yana can gefen Maradun, tafiya ce mai nisa. Da ya sallame asuba sai ya hau, ba ya dawowa sai rana ta yi ja. Hanyar kuwa ba kwalta ba ce, ramuka ne da tsakuwa da yashi.

Ran Lahadi ba su aiki, don haka ita ce ranar gaisuwa. Yakan zo da hantsi ya jingine keken a bakin zaure, ya tuɓe takalmi, ya zauna can gefen tabarmar maigidana, a yi ta gaisuwa har a gaishe da awaki. Daga nan ya leƙo cikin gida ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni. Ni ba na kallon fuskarsa, shi ba ya kallon tawa. Haka muka taso muka tarar ana yi tsakanin uwar mata da mijin ɗiya, balle ɗiyar fari, wadda ko sunanta ba na kira.

Ba a daɗe ba gaisuwar ta fara canzawa. Sai ya zo ya tsaya a bakin zaure ya ranƙwafa kawai, hannu ɗaya a bango. In aka nuna masa tabarma ya ce a bar shi, sauri yake. Saurin ina, ranar da ba aiki? Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ke auna girmansa da gwiwoyin mutane. In ka durƙusa masa, ko ɓarawo ne kai, ɗan mutunci ne. In ka tsaya, ko me ka zo da shi, ka gama lalacewa. Ga kuma 'yan gindin bedi suna zuba masa ruwa a kunne, wai kuɗin kamfani sun kumbura yaron, wai ya ga Turawa suna gaisawa a tsaye shi ma ya ɗauka. Duk wanda ya nemi aikin nan bai samu ba, shi ya fi kowa ganin girman kan.

Ni ba a majalisa nake samun labari ba. Akwai wani gurbi a jikin darninmu inda akuya ta cinye kara, ta nan nake ganin duk mai shigowa unguwa. Na ga yadda yake ƙarasowa a tsaye a kan feda, bai yarda jikinsa ya taɓa sirdi ba. Na ga yadda yake saukowa a hankali kamar mai ajiye tulu. Na ga tafiyarsa, ƙafa nan ƙafa can, kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sirdin, don kowace Lahadi sai na ga ya ƙara ƙiba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Bai taɓa gaya wa kowa yana ciwo ba. Ina zai iya buɗe baki ya ambaci wurin? Abin da ya ce a majalisa kawai shi ne sirdin kekensa ya cika tauri. Nan masu shawara suka taso masa, mutanen da babu wanda ya taɓa wuce kasuwar Bakura a kan keke. Wannan ya ce a naɗa tsumma, ya naɗa. Wancan ya ce ai a Mafara akwai sirdi mai faɗi mai soso, an lulluɓe shi da roba mai walƙiya har da geza, shi 'yan birni ke hawa. Ya saya, robar nan ta riƙa tara zufa tana dafa shi. Wani ya ce a shimfiɗa buzun rago a kai, tunda buzu ko a ƙasa daɗin zama gare shi. Mai ɗinkin akumarin jaki na garinmu ya ce duk su kauce, shi ne ya san baya da abin da ake ɗora masa. Ya cusa audugar rimi ya ɗinke da zare mai kauri, ɗinkin a sama. Sirdi ya koma kamar kaza ta kwanta a kan ƙwai. Tsawon da ya ƙaru ya sa ƙafarsa ba ta kai feda sosai, sai ya karkata dama ya karkata hagu, ya yi ta niƙa kansa kamar mai niƙa gero a dutse, safe da yamma. Kullum ciwon na ƙaruwa, kullum shi kuma yana ƙara laushi, 'yan majalisa suna taɓawa suna yabawa.

Na gaya wa maigidana. Na ce masa yaron nan ba raini ke damunsa ba, mazauninsa ne ya lalace, a dubi sirdin. Ya ajiye ludayin furarsa ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ke kin taɓa hawan keke?" in ji shi. "Kuma mi ya kai idonki wajen, tsohuwa da ke? Mijin ɗiyarki fa."

Ya ce sirdin ma shaida ne, don mai girman kai ne kaɗai zai yi wa keke shimfiɗa kamar gadon amarya. Na gwada ɗiyata ranar da ta zo, tana da tsohon ciki a lokacin. Na juya mata baya ina tankaɗe, na tambayi lafiyar mutanen gidan nasu, na sake tambaya, na jaddada. Ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. Ita ce fa ke wanke wandunansa, ta san abin da take gani. Amma ta gwammace ta haɗiye da ta ambaci wannan wuri na mijinta a gaban uwarta. Ban ga laifinta sosai ba, ni na koya mata.

Abin ya fashe ne da rasuwar yayan maigidana. An cika zaure da ƙofar gida ana zaman makoki, har da baƙi daga Morai. Surukina ya zo ya yi gaisuwa, aka matsa aka ba shi wuri, ya ƙi zama. Ya tsaya jikin bango, dattawa na ƙasa shi yana sama, aka yi addu'a aka shafa yana tsaye. Wani baƙo ya tambaya da ƙarfi ko wannan ma'aikacin gwamnati ne aka aiko. Da aka watse maigidana ya shigo gida, ya rantse da Allah cewa in ɗiyarsa ta zo gida haihuwa, kamar yadda ake yi a cikin fari, ba za ta koma gidan wannan mara kunya ba. Ya aika a kira yaron da kawunsa, wanda ya karɓa masa auren, su zo ran Lahadi a yi ta ta ƙare.

Lahadi ta zo. Maigidana ya naɗe tabarmarsa mai kyau, ya ɗauko wata tsohuwar tabarmar kaba da muke shanya kuɓewa a kai, ya shimfiɗa inda ƙasan zauren ya fi tsakuwa. Shi ya hau buzunsa. Kawun ya riga zuwa a kan jaki, wani dogo mai yawan gyaran murya. Ni ina bayan ƙyauren zaure, idona a tsaga. Surukina ya shigo cikin farar riga, ya ranƙwafa ya yi gaisuwa. Maigidana bai amsa ba, ya nuna ƙasa da carbi.

"Ga tabarma nan. In kamfani ya bar maka gwiwa, zauna."

Surukina ya dubi tabarmar, ya dubi kawunsa. Kawun ya ce masa ya zauna mana, kada ya kunyata shi a gidan mutane. Na ga ya cije leɓe. Ya dafa bango ya sauka a hankali, ya zauna daram, ya tanƙwashe ƙafafu kamar yadda ake yi a gaban manya.

To, a nan ne maigidana ya buɗe bakinsa. Ya faro daga kakansa da ya sari dajin garin. Ya bi ta kan waɗanda suka nemi ɗiyarsa ya hana su. Ya zo kan Turawa, ya ce za su gama su tafi su bar kowa da halinsa. Duk wannan lokaci ina kallon yaron. Zufa na bin wuyansa tana ɗiga daga haɓa. Ya kama babban yatsan ƙafarsa ya matse har farcen ya yi fari. Da aka tambaye shi abin da aka yi masa da ya raina mutane, sai ya ce, "Ba komai, Baba. Ku yi haƙuri." Iyakar abin da ya fito daga bakinsa ke nan. Kawun shi ma, don kada a ce bai yi komai ba, ya gyara murya ya ɗora nasa wa'azin a kan ladabi, ya fi na farko tsawo. Manyan maza biyu da gemu, mutum na narkewa a gabansu, babu wanda ya ga komai sai girman kansa.

Ka zaci zaman zai wanke shi. Ina. Maigidana ya nuna fuskar yaron ya ce wa kawun ya duba da kyau, ko yanzu da aka tilasta shi ya zauna, ji yadda yake yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci. Ya ce rantsuwarsa tana nan, yarinya in ta zo ta zo ke nan. Ya ce wa yaron ya tashi ya ba shi wuri.

Ya yunƙura ya kasa. Ya sake yunƙurawa ya koma. Kawun ya kama hannunsa yana faɗa, ya ɗaga shi da ƙarfi. Tabarmar ta biyo rigarsa kafin ta saki. Bayan farar rigar nan tun daga ƙugu ya jiƙe da jini da mugunya, kabar ma ta sha. Maruru ne suka yi masa gida a mazauni da matse-matsi, tsakuwa ta fasa su yana zaune yana sauraron tarihin kakan maigidana. Warin ya cika zauren. Shi kuwa ba ciwon ne ya dame shi ba, ƙoƙari yake ya juya bayansa ga bango kada surukinsa ya gani.

Ban san lokacin da na ture ƙyauren ba. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ratsa zaure maza na zaune ba, balle a gaban mijin ɗiyata. Wuƙar yankan kuɓewa na hannuna. Na wuce su na fita waje, na jawo keken har bakin ƙofa inda za su gani, na sa wuƙa na farke ɗinkin mai akumari. Buzun ya bushe da zufa ya yi ƙarfi kamar ƙirgi. Audugar rimin ta dunƙule ta zama gudaji-gudaji kamar tsakuwa. Soson ya lotse a tsakiya ya tattaru a gefe. Tsummokaran kuwa, ko kare ba zai kwanta a kansu ba. Ina zazzagewa ina jefarwa a gabansu, sai ga wani ƙulli ya faɗo, an ɗinke shi cikin fata, girman goro, tauri kamar dutse. A daidai tsakiyar sirdin yake, inda mutum ke sauke nauyinsa.

Na ɗaga shi na ce, "Wanga fa, na wa ne?"

Kawun ya gyara murya ya ce nasa ne. Wai saiwoyi ne ya karɓo daga wani mai magani don kare yaron daga bakin mutane, tunda ya samu aiki ido ya yi masa yawa, shi ya sa mai akumari ya cusa a ciki ba tare da yaron ya sani ba.

Na ce, "Bakin mutane bai huda shi ba, Malam. Maganinka ya huda shi." Na juya wajen maigidana. "To, ga shi ya zauna. Girman ya cika?"

Carbin kawai yake ja, ba na jin ya san abin da yake karantawa.

Wanzami aka kira. Ya matse abin da ya rage, ya ce kada a kuskura a ɗora yaron a jaki ko keke, don haka a ɗakin baƙi na gidanmu ya yi jinya, kwance rubda ciki. Ni ke dafa ruwan bagaruwa in aika masa ya shiga, kamar mai jego. Abin dariya, mutumin da ya tara mutane don a tilasta yaron ya zauna, shi ne yanzu ke tsaye a bakin ƙofa yana gargaɗi: kada ka zauna, in na ga ka zauna ni da kai ne. Shi ya aika wani ɗan garinmu da ke aiki a can ya gaya wa shugaban leburori cewa yaron ba shi da lafiya, a riƙe masa wurinsa. Rantsuwa kuwa, da kansa ya je wajen liman ya tambayi yadda ake warware ta, aka ce sai ya yi kaffara. Ya yi azuminsa cikin zafin bazara. Ban ce masa sannu ba.

Saura sirdi, don in yaron ya warke hanyar nan tana jiransa. Ran Talata na shiga motar kasuwa zuwa Mafara da daddawata, na ɗaure ƙarfen sirdin tsirara a cikin zane. Na sami wani baduku a layin masu fata. Da ya ji na keke ne kuma tafiya mai nisa, ya fara jawo soso. Na ce ya mayar. Na kwance gammona na ajiye masa a gaba. Na ce masa ni ban san keke ba, amma tun ina yarinya nake ɗaukar itace da tulu daga nesa. Gammo mai laushi daɗinsa daga rijiya zuwa bakin hanya ne, daga nan ya lotse kayan su zauna maka a tsakar ka. Wanda ke kai ka gida shi ne wanda aka murɗe tam, da rami a tsakiya, nauyin ya sauka a kan ƙashi ya bar inda ba ya son dannawa. Na ce haka nake so ya yi: fatar sa, a ja ta tam, siririya ta gaba don kada ta goge cinya, kwari a tsakiya, kuma kada in ga ɗinki ko ɗaya a sama. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce Inna, wa ya faɗa miki inda maza ke jin ciwo? Na ce masa na ga wurin da idona a kan tabarmata, ya yi aikinsa. Da na kawo shi gida na sha shafa masa man kaɗe yana shanyewa, na kuma sa mai gyaran keke na Dakko ya sauke shi ƙasa yadda ƙafa za ta kai ba tare da karkata ba.

Ka san abin da surukin nan nawa ya ce da ya taɓa shi? Ya ce wa matarsa wai ya yi tauri, ko za a ɗan shimfiɗa wani abu a kai. Ita kuma ta aiko mini da saƙon ta bakin maƙwabciya. Na ce a gaya masa duk ranar da na ga ko ƙyalle a kan sirdin nan, to ni zan yi rantsuwar, kuma ni ba na kaffara. Ya hau haka nan. Makon farko ya yi ta ƙunƙuni, daga baya fatar ta kwanta ta ɗauki siffarsa, ya yi shiru. Da wannan sirdin ya yi ta zirga-zirga har aikin ya ƙare aka sallame su. 'Yan gindin bedi kuwa suka koma cewa ai su tun farko sun san sirdi mai tauri ya fi, yaron ne ba ya jin magana.

Ɗiyata ta zo ta haihu, ta gama wankanta, aka mayar da ita ɗakinta da gara. Maigidana da kansa ya raka su har bayan gari.

Da kunya aka rene ni, da ita na reni 'ya'yana, ba kuma zan ce a zubar da ita ba. Amma na ga ranar da ta ci naman mutum, ta kusa cinye aure, mutane suna kewaye da shi kowa na lulluɓe wurin da abu mai laushi don kada a ambaci sunansa. Abin da na koya ke nan: ciwon da aka ƙi faɗa ba ya warkewa, ruɓa yake a ƙarƙashin shimfiɗa. Shi ya sa har yau, duk wanda ya shigo gidana na ba shi wurin zama ya tsaya yana kame-kame, ba na cewa ya raina ni. Ko hakimi ne, kallonsa nake in ce ya faɗa mini inda ke ciwo, in ba haka ba in faɗa masa da kaina.